Ku Tambaya Mu Amsa: Na'urori Masu Bauɗaɗɗen Hali a Linux

Yawancin wasiƙun wannan wata daga Katsina da Daura suka zo, kuma kusan duk kukansu ɗaya: an ɗora Linux a kan kwamfutar gwanjo, komai ya tashi lafiya, sai wani ɓangare guda ya ƙi. Kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da sassan inji kai tsaye, bai san kwamfutarka ba kafin ka kunna ta. Kamar baƙo ne da ya shigo gari yana bin kwatancen ɗan gari, kuma ɗan garin nan shi ne BIOS, wato 'yar manhajar da kamfani ya dasa a cikin injin, wadda ke fara tashi in an kunna shi. In kwatancen ya karkace, kanel ya ɓata hanya. Shi ya sa a cikin kanel akwai dogayen jerin na'urorin da aka san halinsu, kowace da lambarta da gyaran da ake yi mata. Wadda ba ta shiga jerin ba, mai ita ne zai yi gyaran da hannunsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ɗora wa wata laftof Linux Mint. Wi-Fi na kamawa, amma sai an jingina ta da rauta, ana yin taku biyar sabis ya ɗauke. Da Windows ba ta yin haka. Na sa mata wani kati irin nata, duk ɗaya. Umarnin lspci -nn ya nuna mani RTL8723BE, lamba 10ec:b723. (Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Lambar da ka turo ta rage mana rabin aiki. Buɗe bayan laftof ɗin ka dubi katin: yana da bakin eriya biyu, amma ƙananan laftof da yawa waya ɗaya tak aka ja musu. A cikin katin akwai 'yar ma'ajiya da aka rubuta tun daga masana'anta, ita ke faɗa wa direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, bakin da zai saurara. Idan abin da aka rubuta ya saɓa da inda aka maƙala wayar, direban Linux zai ta sauraron bakin da ba komai a jikinsa. Kusa da rauta sigina na da ƙarfin da zai shiga ko babu eriya, shi ya sa take kamawa a nan kaɗai. Sabon kati bai taimaka ba domin shi ma rubutunsa ke nan.

Direban yana da zaɓi mai suna ant_sel. Cire shi da sudo modprobe -r rtl8723be, ka mayar da shi da sudo modprobe rtl8723be ant_sel=1. Jira kamar daƙiƙa 10, ka buga nmcli -f SSID,SIGNAL dev wifi list ka rubuta ƙarfin siginar rautarka. Sake yin haka da ant_sel=2 ba tare da ka motsa laftof ɗin daga wurin ba. Bambancin ba ya ɓuya, ɗaya zai ninka ɗaya ko kusa da haka. Kada ka dogara da 1 da 2 da aka buga a jikin katin, gwajin ne alƙali. Wanda ya yi nasara ka rubuta shi a fayil /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf, layi ɗaya: options rtl8723be ant_sel=2, ko 1 in shi ne.

Tunda kai mai gyara ne, akwai hanya mafi sauƙi: ka cire wayar daga bakin da take ka maida ta ɗayan, ka bar direba yadda yake. Ka ɗaga ta tsaye da tsinken roba, don bakin na saurin ɓallewa daga kati. In duka biyun sun ba ka sigina maras ƙarfi, to maganar ta bar direba. Bi wayar ta cikin hinji, a nan take yawan tsinkewa.

TAMBAYA: Malamai, barkanku da aiki. Ƙaramar laftof ɗina mai Celeron N2840 tana sandarewa haka kawai. Linzami ba ya motsi, madannai ba sa amsawa, sai na danne maɓallin wuta. Wani lokaci ina kallon bidiyo, wani lokaci ma ajiye take. An ce mani zafi ne, na sa an wanke ta, ba ta daina ba. (Malamin firamare, Daura)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Injin da zafi ya yi wa yawa yakan rage gudu ko ya kashe kansa gaba ɗaya, kuma yana yin haka ne lokacin aiki mai nauyi. Naka kuwa yana daskarewa da hoto a kan allo, har a lokacin da yake hutawa. Wannan alamar wani sanannen ciwo ne na dangin Bay Trail da Intel ta fitar daga 2013: N2830, N2840, N3540, J1900, Atom Z3735F da 'yan uwansu. An buɗe masa rahoto mai lamba 109051 a ma'ajiyar kurakuran kanel tun 2015. Idan furosesa ba shi da aiki, kanel yakan tura shi barci mataki-mataki don tattalin batir. A waɗannan injinan, shiga mataki mai zurfi na iya sa komai ya tsaya cak, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a rajista ba. Bayan ta sandare ka sake kunnawa, buga journalctl -b -1 -e. In rajistar ta yanke ba wani kuka a ƙarshenta, zarginmu ya ƙara ƙarfi.

Ga gwajin, kuma duk mai karanta filin nan ya riƙe wannan hanyar, don za ta sake fitowa a ƙasa. Da ka kunna, danna Esc ko ka riƙe Shift har allon GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, ya bayyana. Danna e. Nemi layin da ya fara da linux, ka je ƙarshensa ka ƙara intel_idle.max_cstate=1, sannan F10. Wannan kunnawar kaɗai zai yi aiki, ko ka yi kuskure sake kunnawa zai share shi. Tabbatar ya shiga da cat /proc/cmdline. Yi aiki da ita yadda ka saba na 'yan kwanaki, kana maimaita wannan a kowace kunnawa. In sandarewar ta tsaya, buɗe /etc/default/grub, ka sa kalmar cikin alamun zance na layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, ka buga sudo update-grub.

Gyaran yana da kuɗinsa. Furosesa ba zai ƙara yin barci mai nauyi ba, don haka batir zai riƙa saurin ƙarewa, jikinta ya ƙara ɗumi. Da yawa daga waɗannan laftof ɗin ba su da fanka, kuma ka san bazarar Daura. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Mai son ya rage asarar zai iya kashe matakan C6 kaɗai ya bar sauran: cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpuidle/state*/name zai nuna sunayensu, C1, C6N, C6S, C7, C7S, kuma kowane yana da fayil mai suna disable da ake rubuta wa 1, a kowane cpu. Wannan ba ya tsallake kashewa sai an haɗa masa ɗan rubutun da zai riƙa gudana a farkon tashi. Kafin duk wannan, in sigar Linux ɗinka tsohuwa ce, fara gwada sabuwa, kuma ka bar memtest86+ ya zagaye RAM sau ɗaya, don RAM mai lahani ma na kawo irin wannan.

TAMBAYA: Salam. Muna ajiye bidiyon biki a faifan ajiya na waje, wanda aka sa a kes mai USB 3. Ƙananan fayil na wucewa, amma in muna kwafar babba sai ya tsaya, can ya ɓace daga kwamfuta. Mun yi asarar aikin mutane sau biyu. Faifan ne ya mutu? (Mai shagon hoto, Sabuwar Unguwa)

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, duk abin da ke faifan nan a kwafe shi wani wuri, kaɗan-kaɗan. Sannan a raba abu uku da ke kama da juna.

Na farko wuta. Bakin USB 2 na ba da miliamfiya 500, na USB 3 kuma 900, kuma faifai mai juyawa yana jan wuta sosai lokacin tashi. In kina jin yana ƙas-ƙas yana sake juyawa, canza waya zuwa gajera mai kauri, ki bar bakunan gaba na kwamfutar tebur ki koma na baya. Na biyu faifan kansa, wanda smartctl -a zai faɗi lafiyarsa. Wani kes ɗin sai an ƙara -d sat kafin ya amsa.

Na uku shi muka fi zargi, ganin sai babban fayil ke kayar da shi. A cikin kes ɗin akwai ɗan cip da ke fassara tsakanin USB da SATA. Yana iya magana ta hanya biyu: tsohuwa, wadda ke aika umarni ɗaya ta jira amsa, da sabuwa mai suna UAS, wadda ke jera umarni da yawa a lokaci guda. Wasu cip ɗin suna shelar sun iya UAS, kanel ya yarda, amma da layi ya yi tsawo sai su rikice. Buɗe tagar umarni ki bar sudo dmesg -w yana gudana, ki fara kwafar. In kika ga uas_eh_abort_handler ko uas_eh_device_reset_handler suna ta fitowa, an kama ɓarawo.

Buga lsusb ki ɗauki lambobi biyun da ke gaban sunan kes ɗin. Misali 152d:0578, inda 152d ke nufin JMicron. Na ASMedia da 174c suke farawa. Naki za ki sa, ba na misalin nan ba. A fayil /etc/modprobe.d/kes.conf ki rubuta options usb-storage quirks=152d:0578:u. Harafin u na ƙarshe shi ke cewa a ƙyale UAS ga wannan na'urar kaɗai, sauran faifanki ba abin da zai taɓa su. Sai sudo update-initramfs -u, a sake kunnawa. Mutane da yawa na mance wannan matakin, su ce gyaran bai yi ba, alhali direban ya riga ya tashi daga tsohon kwafin saituna. Duba da lsusb -t: inda da aka rubuta Driver=uas yanzu ya zama Driver=usb-storage. Gudun zai ɗan ragu, amma a faifai mai juyawa da wuya ki lura.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Ina shiga darasi ta intanet da iyafis mai makirfo. Ina jin malami sarai, amma ni ba a jina. A jerin na'urorin sauti makirfon iyafis ɗin ba ya fitowa sam. A waya yana aiki. (Ɗaliba, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa)

AMSA: Ƙanwarmu, fara da ramin. In laftof ɗin na da rami biyu, na kunne daban na makirfo daban, iyafis ɗin waya ba zai yi ba sai da 'yar wayar da ke raba shi biyu. In rami ɗaya ne, ci gaba.

Cip ɗin sauti yana da ƙafafu da dama, kuma kamfanin laftof ne ke zaɓar wadda zai haɗa da sifika, wadda zai haɗa da rami. BIOS ke rubuta wa kowace ƙafa bayanin abin da ke jikinta. Sau da yawa yakan rubuta cewa ƙafar makirfon rami, wadda a cip ɗin Realtek da dama ita ce 0x19, ba a haɗa ta da komai ba. Direban Windows da kamfanin ya bayar ya san gaskiya tun daga gida, bai damu da rubutun ba. Linux kuwa ta ɗauki maganar BIOS, ta rufe ƙafar. Wannan ne dalilin da direban sautin Realtek ke ɗauke da ɗaruruwan layuka, kowane na cewa in ka ga laftof mai lamba kaza, ka gyara ƙafa kaza.

Buga grep Codec /proc/asound/card*/codec* ki ga sunan cip ɗin. In ALC ne mai lamba ɗari biyu da wani abu, kamar ALC255, ALC256 ko ALC269, rubuta options snd-hda-intel model=headset-mic a /etc/modprobe.d/sauti.conf ki sake kunnawa. In bai yi ba, musanya da headset-mode, sannan dell-headset-multi, wanda duk da sunansa yakan yi wa wasu ƙirar aiki. Ɗaya bayan ɗaya, kowane da tasa kunnawar. In duk sun ƙi, ɗora alsa-tools-gui ki buɗe hdajackretask, ki sa ya nuna ƙafafun da ba a haɗa ba, ki mai da 0x19 makirfo, ki gwada kafin ki danna maɓallin da ke dawwamar da shi. Rage ƙarar sauti tukuna, kuma kada ki taɓa ƙafar sifika.

Sababbin laftof masu makirfon dijital a jikin allo suna bin wani direban daban mai suna SOF. In aplay -l ya nuna sof-hda-dsp, layin model ɗin can ba zai yi tasiri ba. A nan abin dubawa shi ne ko an ɗora firmware-sof-signed, da kuma sabunta kanel.

TAMBAYA: Maɓallan rage haske ba sa aiki. Na kwafo wannan daga intanet na sa a GRUB: acpi=off noapic nomodeset pci=nomsi acpi_osi=Linux. Yanzu batir ma ba ya nunawa, kuma ba ta mutuwa in na kashe ta. (Mai karatu, Rafin Daɗi)

AMSA: Ɗan'uwa, goge su duka yau ɗin nan. acpi=off ya rufe hanyar da kanel ke sanin batir, zafi, maɓallin wuta da kashewa, shi ne abin da kake gani. nomodeset ya hana direban hoto tashi, alhali shi ke riƙe da hasken da kake nema. Shi kuma acpi_osi=Linux tsohon zance ne: BIOS yakan tambayi manhaja ko ita wace ce, kuma tun siga 2.6.23 ta 2007 kanel ya daina amsa cewa shi Linux ne, yana amsa sunayen Windows, domin hanyar Windows ce kaɗai kamfanoni ke gwadawa da kyau.

Bayan ka share, buga ls /sys/class/backlight. In ka ga acpi_video0 kuma haske ba ya motsi, gwada acpi_backlight=native ta hanyar danna e da muka bayyana wa malamin Daura. In bai yi ba, video, sannan vendor. Kalma ɗaya a kowace kunnawa, don in ka zuba biyar abu ya gyaru ko ya lalace, ba ka san wacce ta yi ba.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Aikina na ƙarshe na'urar rubuta lokutan da famfon sola ke tashi ne, a kan Raspberry Pi 4, ba intanet a wurin. Duk sanda wuta ta ɗauke agogo sai ya koma baya. Na sayi allon agogo mai batir DS3231 na haɗa, i2cdetect -y 1 na nuna 68, amma babu /dev/rtc0. (Ɗalibi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Daura)

AMSA: Ƙanenmu, haɗinka daidai ne, tunda 68 ta fito. Abin da ya rage shi ne kanel bai san mene ne ke zaune a wannan adireshin ba. Na'urar USB ko PCI takan faɗi lambarta da kanta in an tambaye ta. Ta I2C, wato hanyar wayoyi biyu da agogonka ke magana da Pi ta ita, ba ta da wannan bakin, kuma cip daban-daban na amfani da 0x68, har da MPU-6050 mai auna motsi. A allunan ARM irin Pi, bayanin abin da ke haɗe yana cikin wani fayil da ake kira bishiyar na'urori, wanda ake miƙa wa kanel lokacin tashi. Ɓangaren ARM ya rungumi wannan tsarin ne daga 2011, bayan Linus Torvalds ya yi faɗa kan yadda kowane allo ke zuwa da nasa tulin rubutun a cikin kanel. Agogonka ba ya cikin bishiyar Pi, sai ka ɗaura shi.

Buɗe /boot/firmware/config.txt, ko /boot/config.txt a tsofaffin sigogi. Tabbatar akwai dtparam=i2c_arm=on, ka ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231. Bayan kunnawa i2cdetect zai nuna UU a gurbin 68, ma'ana direba ya karɓe shi. Sunan direban rtc-ds1307, kada ya ruɗe ka, shi ke kula da dangin duka. Cire fake-hwclock, wanda shi ke maido maka da tsohon lokacin da ya adana. Haɗa intanet sau ɗaya lokaci ya daidaita, ka buga sudo hwclock -w. In an ce babu hwclock, yana cikin util-linux-extra. Daga nan cire intanet, zare wuta na minti 10, ka duba timedatectl.

Sai batir. Allon DS3231 mai arha da ya cika kasuwa, mai lamba ZS-042, yana da da'irar caji da aka yi don LIR2032. In ka sa masa CR2032, wanda ba a cajinsa, kuma ka ba allon bolt 5, batirin na iya kumbura. Ba shi bolt 3.3 daga ƙafa ta 1, wanda dama shi ya dace da ƙafafun Pi, SDA a ta 3, SCL a ta 5. Mafi kwanciyar hankali ka ɗauke razisto mai rubutun 201 da ke kusa da dayod ɗin da ƙarfen narka dalma. In daga baya ka ƙara wata na'urar I2C ta riƙa ba da lambobin banza, ka sani I2C na Pi yana da nasa halin: ba ya jira yadda ya kamata in na'ura ta riƙe layin agogo tana neman a dakata mata. Rage gudu da dtparam=i2c_arm_baudrate=10000 yakan magance shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. In mun gano gyaran wata laftof, yaya za a yi ya shiga kanel ɗin kansa, kowa ya huta? Ina so ɗalibaina su gwada. (Malamin kwamfuta, Kwalejin Hassan Usman Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan na cikin ƙofofi mafi sauƙi na shiga aikin kanel, domin gyaran sau da yawa bai wuce layi ɗaya zuwa goma ba. Wuyar tana wajen zaɓen abin da za a gane injin da shi. Na sauti ana bin lambar Subsystem da lspci -nnv ke nunawa. Na USB lambobin lsusb. Na haske, madannai da allon taɓawa kuwa ana bin DMI, wato sunayen da ke cikin /sys/class/dmi/id, irin su sys_vendor, product_name da board_name, a zuba su a jeri da DMI_MATCH.

A nan ɗalibai za su yi hattara. DMI_MATCH yana kama duk sunan da ya ƙunshi abin da aka rubuta, don haka gajeren suna zai haɗa da ƙirar da lafiyarta lau ya lalata ta. In ana son daidai-wa-daida sai DMI_EXACT_MATCH. Kuma arhar kwamfutoci da yawa suna zuwa da "Default string" ko "To be filled by O.E.M." a gurbin suna, don masana'anta ba ta cike ba. Wanda ya ɗaura gyara a kan wannan kaɗai ya ɗaura wa dubban injinan da bai taɓa gani ba. A irin wannan ana haɗawa da sunan bod, da siga ko ranar BIOS, har jerin ya matse.

Su fara da sabunta BIOS, don wani lokaci kamfanin ya riga ya gyara. Su gwada a kan kanel mafi sabo, ba wanda ya zo da Linux ɗin da suka ɗora ba. Sannan scripts/checkpatch.pl ya duba tsarin rubutun, scripts/get_maintainer.pl ya faɗi waɗanda za a aika wa. A bayanin gyaran a rubuta sunan ƙirar, abin da ke faruwa kafin gyara da bayansa, a rufe da layin Signed-off-by mai sunan da aka san mutum da shi. In na sauti ne a haɗa da sakamakon alsa-info.sh. Sabon kanel na fitowa duk mako 9 zuwa 10, kuma ƙananan gyare-gyare irin waɗannan ana yawan mayar da su tsofaffin sigogin da ake ci gaba da kula da su in an nemi hakan a jikin saƙon. Ranar da gyaran ya iso ta sabuntawa, su goge layin da suka sa a modprobe.d ko GRUB su sake gwadawa, domin zaɓin hannu yana danne na jerin kanel, kuma muddin yana nan ba za su san ko nasu gyaran ya kama ba.